Laka a Firizar Gida

Lahadi da dare, unguwar Longsight

Jiya na dawo daga fadamar bakin teku a makare, lab, ɗakin bincikenmu, a rufe, sai na zuba kwalaben lakar da na ɗebo a firizar gida. Yau Sadiya, abokiyar zamana, ta dawo daga unguwar Small Heath da naman layya, ta kwashe kwalaben ta jibge a sink na wanke-wanke don ta sa namanta.

"Wallahi Anti, na ɗauka tsohuwar miyar kuka ce."

Takardun jikinsu masu nuna inda na ɗebo kowace laka duk sun jiƙe sun ɓalle. Aikina kacokan shi ne gano inda bakteriya masu cin ammoniya suka fi yawa, bakin ruwa ko can tudu. Yanzu wace laka ce ta ina? Me zan ce wa supervisor mai duba bincikena gobe?

Ga nama ta soya ta ajiye min a ƙofa. Na kasa yi mata faɗa, na kasa ci.