Har Kyanwa Suka Zarga, Ban Da Ni

Anti, don girman Allah ki taimake ni da shawara kafin ranar Alhamis, domin na ƙulla abin da na kasa kwancewa. Ki sakaya sunana. Maigidana dai ba ya karanta filinki na jarida, ya ce na mata ne, amma duk da haka ki sakaya.

Ni tela ce, a gida nake ɗinki, shekarata hamsin da takwas. Maigidana ya yi ritaya daga gidan waya bayan shekara talatin da biyar, kuma ko kan sarki ɗaya bai taɓa ɓata a hannunsa ba. Mutum ne da in ya tsinci biro a hanya sai ya nemi mai shi. Da ya ajiye aiki zaman gida ya ishe shi, ya dinga bina ɗaki ɗaki yana koya min yadda ake shanya. Sai babbar 'yarmu, Allah ya shirye ta, ta aiko masa da wani wasa a kwali, wai don ya sarara min.

Wasan na yaƙin duniya na farko ne. Taswira ce babba, an rarraba ta gida gida kamar saƙar zuma, ga ramukan yaƙi layi biyu suna kallon juna, tsakaninsu fili mai taɓo da waya mai ƙaya. Sojojin 'yan kwalaye ne, kowanne bai fi farcen babban yatsa ba, sun haura ɗari uku. Ɗaya ya kai hari, ɗaya ya tsare raminsa, a jefa ƙwayar lido a ga wanda ya mutu, wanda ya mutu kuma a wurga shi cikin murfin kwalin. Ba a gama shi a zama ɗaya, Anti. Hari guda sai ya ci wata uku, tunda ranar Asabar kawai suke bugawa, shi da amininsa na ƙuruciya, wani tsohon safiyo mai awon filaye, wanda ko kujera zai zauna sai ya daidaita ƙafarta da layin tayil.

A ina suka shimfiɗa wannan yaƙi? A kan teburin cin abincinmu, wanda shi ne kuma teburin da nake yankan yadi. Shekara biyu ke nan muna cin abinci da faranti a cinya, ni kuma ina yanka a ƙasa har gwiwoyina sun fara magana. Dokoki uku aka kafa min: kada in taɓa, kada in goge, kada in kunna fanka.

To wata Talata na kunna fankar. Zafi ne ya ishe ni, shi kuma ya fita tattakinsa na safe. Kafin in ankara rabin rundunarsa ta watse, wasu har ƙarƙashin firji. Na tsince su kaf, amma ban san gidan kowa ba, sai na ɗauko littafin ƙa'idojin wasan, mai shafi arba'in da takwas, don in gane inda ya kamata su zauna. Nan Shaiɗan ya same ni. Na karanta shi tas, na sake komawa farko, har girkina ya kama.

Abin da na gano, Anti, mijina mutumin kirki ne amma bai iya yaƙi ba. Kullum shi ke kai hari, kullum hanyarsa ɗaya. Igwa ta yi luguden wuta zagaye ɗaya tak, tun wayar ba ta tsinke ba, sai ya ce a fito, ya tura bayin Allah tsakiyar fili, inda Safiyo ya jera bindigoginsa yana jira yana kurɓar shayi. Ina shigowa da tire ina jin kwalaye suna faɗawa murfi, ƙwas, ƙwas. Na san kwali ne. Amma littafin ya ce kowane guda mutum ne kusan dubu, ni kuma uwa ce.

Sai na fara janye su. Ba da yawa ba fa. Duk Laraba in ya fita, in mayar da bataliya ɗaya, wato kwali guda, rami, in matsar da ita wajen hagu. Dalilina, a bakin kogin da ke hagun taswirar akwai inda rundunonin Safiyo biyu suka haɗu, ba wadda ta rufa wa 'yar'uwarta baya, kuma duk wadda ta taɓa riƙe almakashi ta san riga daga haɗin ɗinki take ɓarkewa. Na karkato da igwa biyu ma wajen. Sati shida ina haka, na tara bataliya shida a bayan wani tudu da ke kusa da kogin.

Asabar ta bakwai na ajiye masa kofin shayinsa daidai bakin kogin. Ya kai hannu, ya ga mutane jibge, ya ce af, ashe ya shirya wannan dabara ya manta. Ya saki igwa, ya fasa layin, ya wuce rami na ɗaya, ya wuce na biyu, ya kama tashar jirgin ƙasa. Nasararsa ta farko a shekara biyu. Dattijo ya miƙe yana taka rawa da silifa ɗaya, ni kuma na shige kicin na toshe bakina da tsumma ina tsalle.

Safiyo bai yi dariya ba, waya ya ciro. Ashe tun sati na uku idonsa na awo ya ga abin bai daidaita ba, ya fara ɗaukar hoton taswirar duk ranar da zai tafi. Ya jera wa maigida hotunan ɗaya bayan ɗaya. Maigida ya rantse bai taɓa ba. Suka zargi fanka, suka zargi iskar taga, har kyanwarmu suka zarga, Safiyo ya ce kyanwar da ta san ta ɓoye igwa a bayan tudu ai sai a maƙala mata aninin soja a kafaɗa. Ni ina tsaye da tire a gabansu, ba wanda ya ko dubi inda nake. Wallahi na buɗe baki zan faɗa, sai na ji mijina yana cewa ita wannan ko igwa da sojan ƙasa ba ta bambancewa. Na mayar da bakina na rufe, na ce a raina to ku ƙarata.

Safiyo ya ɗauki hularsa, ya ce, "Shekara hamsin muna tare, ban san akwai ranar da zan ɗauki hoto saboda kai ba." Ya fita, shayinsa ko rabi bai sha ba. Asabar uku ke nan bai tako ba, waya ma ba ya ɗagawa.

Ga inda abin ya daina ba ni dariya. Mijina ya san bai yi maguɗi ba, ya kuma ga hoto, sai ya yanke cewa shi ya matsar da su bai sani ba. Yayansa da mantuwa ya fara, har ya kai bai gane 'ya'yansa ba. Yanzu ya sayi ɗan littafi yana rubuta inda ya ajiye makulli da tabarau. Shekaranjiya ya riƙe hannuna ya ce in na ga ya fara yin abin kunya in faɗa masa, kada in ɓoye don tausayi. Na ji kamar in nutse. Alhamis zai ga likitan ƙwaƙwalwa.

Anti, in faɗa? Ina tsoron idonsa, ina jin kunyar Safiyo. Ko in saka wa kyanwar laifin da gaske? Ni wasan bai dame ni ba ko kaɗan, teburina kawai nake so. Sai dai in sun koma, wani ya gaya masa kada ya kai hari ana ruwan sama, igwa ba ta motsi a taɓo.

Taki,
Mai Almakashi

Ya ke Mai Almakashi,

Ki ƙyale kyanwar nan, ba ta yi miki komai ba.

Na yi dariya har na kai ga ɗan littafin makulli, daga nan na daina. Ki faɗa masa, yau. Mutumin da yake kwana yana tashi da tsoron cewa hankalinsa na guduwa, duk yinin da kika ƙara masa zalunci ne, ko da ba ki nufa ba. Janye sojoji tsokana ce. Shirun sati uku shi ne laifin, kuma a kansa za ki nemi gafara. Ki zaunar da shi ku biyu, ki fara da cewa kansa lafiya lau, sannan ki kawo sauran. Kada ki fake da fanka, kada ki fake da tausayin kwalaye. Idan bai yarda ba, ki kai shi gaban taswirar ki nuna masa bataliya shidan, da ranar da kowacce ta tashi. Zai yi fushi, ki bar shi ya yi, haƙƙinsa ne. Za ki ƙwace masa nasara ɗaya tilo da yake taƙama da ita, amma za ki mayar masa da hankalinsa da sunansa, kuma ina ganin ya san wanda ya fi tsada. Likita kuma, in yana so ya je don ya samu natsuwa, ki raka shi, ganin likita a shekarunsa ba asara ba ne.

Safiyo da ƙafarki za ki je, ke da maigidan, ba ta waya ba. Bai yi laifi da ya ɗauki hoto ba, idonsa gaskiya ya gaya masa. Inda ya yi gaggawa shi ne da ya yarda da waya fiye da rantsuwar aminin shekara hamsin. Wannan tsakaninsu ne, kada ki sa baki.

Su ma dattawan ba za su tsira daga bakina ba. Sun mamaye teburin sana'arki shekara biyu ba tare da sun tambayi gwiwarki ba, sannan suka jera fanka da taga da kyanwa a gabanki wajen wayo. Wannan raini ne, kuma kina da damar faɗa musu, amma bayan kin gama ba da haƙuri, ba a cikinsa ba. Maganar tebur mai sauƙi ce: kafinta ya yanko faifan katako, a mayar da yaƙin kansa, in an tashi a ɗauke shi a ɗora inda fanka ba ta kaiwa.

Sai dai ban yarda tebur kawai kike so ba. Wadda wasa bai dame ta ba ba ta karanta shafi arba'in da takwas sau biyu, ba ta kuma rufe wasiƙar neman taimako da gargaɗi a kan taɓo. Kujera kike so, 'yar'uwa. Ki nema da baki, ki buga da rana a gaban kowa, ki kuma shirya shan kaye, domin da sauƙi a ci yaƙi ranar Laraba lokacin da abokin gaba yake gidansa.

Abu na ƙarshe. Kin ce maigidanki ba ya karanta filin nan. Rabin wasiƙun da nake samu daga mazan da ba sa karanta filin nan suke zuwa. Shafin nan kuma Laraba yake fita, kuma ban san gida biyu masu yaƙin duniya a teburin cin abinci da kyanwa a cikin waɗanda ake zargi ba. Don haka ki faɗa masa kafin jaridar nan ta kai hannunsa.

In kuwa ta riga ki, to kai maigida, barka da war haka. Kanka lafiya lau, ka yar da littafin makullin. Ka kira Safiyo, ka jawo kujera ta uku, ka kuma bar mata ɓangaren hagu.

Allah ya daidaita tsakaninku, ya bar zumunci, ya ba gwiwa lafiya.

Taku,
Anti