Garin Bai Ƙi Ni Ba

Mama,

Gaisuwa daga Addis Ababa cikin sunan Ubangiji. Yaya ƙafarki? Yaya ƙanena Ebenezer da mutanen Barnawa? Ina lafiya.

Na san Anti Vivian ta gaya miki na yanke jiki na faɗi a makaranta. Jiri ne kawai, ko da yake har yanzu ina haki idan na hau bene. Na ji Kawu Monday ya ce garin bai karɓe ni ba, in bar karatun in dawo. Mama, ban taɓa yi masa musu ba, amma ba zan dawo ba.

Garin nan kan tudu yake, oksijin da ke cikin iskar da ake shaƙa ba ya isar baƙo. Malamarmu ta ce idan ya yi ƙaranci, wani sinadarin furotin da ƙwayoyin jiki suka saba rusawa sai ya taru, ya tada ƙwayoyin gado, ƙoda ta sa ɓargo ya ƙara jini. Aikin da jikina yake yi ke nan, lokaci yake so.

Ki aiko mini da yaji. Ki gaya wa Kawu, cikin ladabi, ƙodata ma ba ta karaya ba, balle ni.

Allah ya kiyaye ki.

'Yarki,
Judith