Rasuwar Farfesa Fulvio Sbardella, Wanda Aka Yi Wa Ƙazafi

Cikin alhini da ɓacin ran da ba za mu ɓoye ba, Ƙungiyar Masu Nazarin Tsoffin Kuɗaɗen Rumawa ta garin Spoleto da ke ƙasar Italiya ta samu labarin rasuwar tsohon shugabanta kuma uban tafiyarta, Mai Girma Farfesa Fulvio Sbardella, wanda ya cika ranar Talata bayan doguwar jinyar shanyewar ɓarin jiki.

Marigayin ya ƙarar da rayuwarsa a kan kuɗaɗen tagulla na sarakunan Rum, irin waɗanda garma ke tonowa a gonakin zaitun. Manomi zai kawo masa kwabon da tsatsa ta cinye, shi kuma Farfesa ya zauna da ɗan buroshi yana gogewa har fuskar sarkin ta fito, ya faɗi sunansa da garin da aka ƙera kuɗin, bai taɓa karɓar ko sisi ba.

Gaskiyarsa ce ta jawo masa. Wani dillalin kayan tarihi ya nemi ya sa hannu a kan jabun kuɗaɗe cewa na gaske ne, Farfesa ya ce masa, "Waɗannan ai ko jikata ta girme su." Sai dillalin ya kai ƙara cewa marigayin na sayen kayan tarihi daga masu haƙo su ta ɓarauniyar hanya. Hukuma ta kwashe tarin tsoffin kuɗaɗensa a gaban maƙwabta, aka jibge a ɗakin ajiya mai danshi, inda tsatsa ta lalata fiye da rabi. Abokan aikin da ya koya wa karanta rubutun kuɗi suka daina amsa gaisuwarsa. Kotu ta wanke shi tas, amma a lokacin ciwon shanyewar jiki ya riga ya kama shi, bakinsa ya mutu.

Yau waɗannan mutane ne ke rige-rigen aiko furanni. Uwargidansa, Malama Ornella, ta ce mu sanar da su cewa furanninsu na nan a bakin titi inda ta ajiye su, kowa ya zo ya ɗauki nasa kafin jana'iza ranar Asabar.

Muna roƙon Allah Ya jiƙansa, Ya ba Malama Ornella da 'yarsu Dakta Ilaria juriyar wannan rashi, Ya kuma bi masa haƙƙinsa.

Sa hannun:
Barista Tullio Pennacchi
Kakakin Ƙungiya