Awakin Cikin Gilashi

Litinin, 3 ga Maris
Ana sanar da duk wanda abin ya shafa, wato ni kaɗai, cewa bunsurun dutse mai murɗaɗɗen ƙaho ya iso lafiya ta gidan waya. Tsawonsa bai wuce ɗan yatsa ba, amma har gemunsa an fitar masa sili-sili. Na ba shi wuri a kabad ɗin gilashi, cikin 'yan'uwansa na roba. Uwar yara ta leƙo ta ce, “Allah ya sa wannan ya ba da madara.” Na karanta tarihin awakin tsaunuka fiye da kowa a layinmu. Ban taɓa tatsar ko ɗaya ba.

Alhamis, 6 ga Maris
Ƙanena ya kawo Inna, ta dawo zama wurinmu. Mantuwar ta yi nisa. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, “Sannu, bawan Allah, gidan wa ne nan?” Na yi dariya. Ba wanda ya taya ni.

Asabar, 8 ga Maris
Na dawo na tarar da kabad a buɗe. Inna ta jera awakin a gindin kujera, ta ɗaure wa kowanne zare a ƙafar gaba, ta yayyanka musu ganyen latas a murfin kwalba. Wai an kulle dabbobi ba ci ba sha, mai su ba ya tsoron Allah. Ƙahon guda ya karye. Na ce, “Inna, roba ne.” Ta ce, “Kai ne roba.”
Na sayo kwaɗo na datse.

Lahadi, 16 ga Maris
Wuni take yi gaban gilashin, tafin hannunta a kai. Ta daina magana. Abinci yadda aka kawo haka ake ɗaukewa. Likita ya ce haka ciwon yake, gangara ce, ba a hawowa. Uwar yara ta ce ba ciwon ba ne, kwaɗona ne. Na yi mata dogon bayani a kan abin da gumin hannu ke yi wa fenti. Ta ce, “To, Farfesa,” ta kwashe kwanuka.

Laraba, 19 ga Maris
Na manne ƙahon. Tsagar tana nan.

Juma'a, 21 ga Maris
Na gwada ba Inna abinci da cokali, ta kau da kai. Zanenta ya fara yi mata yawa. Ina zaune da kwanon a cinya sai na tuno muna yara: ba ta kai loma baki sai garkenta ya ci ya sha. Mu ma a bayansu muke. Duk kan nan nawa cike da sunayen awakin duwatsun da ban taɓa gani ba, wannan kuma na manta da shi.
Ban buɗe kabad ɗin ba tukuna. Kunya, ina jin.

Talata, 25 ga Maris
Na cire kwaɗon. Ta ɗaɗɗaure su, ta zuba musu ganye, ta jira, sannan ta ci rabin kwano. Ta miƙo mini zaren sabon bunsurun: “Riƙe min wannan, malam, ba ya jin magana.” Na zauna a ƙasa na riƙe har la'asar. Ba ta san ni ba, ba na kuma jin za ta sake sani. Fentin gemun ya fara gogewa.
Uwar yara ta tsaya bakin ƙofa tana jira in ce wani abu. Na ci gaba da riƙon zaren.
A littafin nan dai zan iya faɗa: ba ciwon ba ne kaɗai. Ni na yi kuskure.