Akwatin Gwaggo Mai Guga

Auta! Auta, wai kina ina ne?

Sau uku ina kira, an ce kina aji. To ga shi na rubuta, ki yi haƙuri da rubutun nawa. Ya aiki, ya karatu, ya maigidan naki?

Takardar nan da kika manna mana a bangon shagon ɗinki, mai akwati-akwati, wadda kika ce tana nuna wa ke ƙarƙashin wa, to ta jawo magana. Kin sa ni a sama, na gode. Sai mai yanka, sai masu keke biyu. Gwaggonki mai guga kuwa can ƙasa, dab da soket. Ita ba ta iya karatu ba, amma ai ta san sama da ƙasa. Ta sa mai yanka ta nuna mata nata akwatin, ta duba, ta ce, "To, madalla." Ta naɗe wayar dutsen guga ta tafi. Yau kwana huɗu.

Shekara ashirin da biyu muna tare, Auta. A bayanta kika yi wayo.

Allah ya yi miki albarka.
Innarki

*

Inna,

Ina gaishe ki, da fatan kuna lafiya. Wallahi ban yi nufin haka ba. Aiki ne aka ba mu a karatun digiri na biyu: kowa ya zaɓi ƙaramar ma'aikata ya zana tsarin shugabancinta. Ni kuwa hanyar da kaya ke bi na bi, daga yanka zuwa ɗinki zuwa guga. Ba maganar daraja ba ce. Zan sake bugawa in matsar da akwatinta sama, sai ki nuna mata. Ranar Juma'a zan miƙa aikin.

A gaida mutanen shago.
Auta

*

Auta, lafiya lau muke.

Ba matsar da akwati ba ne, 'yar nan. Kwana biyu kika zauna mana da littafi da biro, ashe ba ki ga komai ba? Ba rigar da ke fita sai ta bi ta hannunta. In ɗinki ya karkace, ba ta cewa wance kin ɓata. Sai ta ce, "Kai, yau dutsen nan ya ƙi wuce kafaɗar nan," ta rataye rigar a kujera. Wadda ta ɗinka ta zo ta ɗauka shiru ta gyara, ba wanda ya ji kunya.

Jiya ni na yi gugar. Na ce wa ƙaramar mai keke hannun riga ya karkace, magana ɗaya fa, ta je bayan shago ta yi ta kuka. Riguna biyu aka dawo mana da su.

Ki ci abinci kan lokaci.
Inna

*

Inna, barka da wuni.

Ranar Asabar ban je aji ba, gidan Gwaggo na je. Na durƙusa na ba ta haƙuri. Ta ce, "A'a, Manaja, yau ke ce a ƙasa?" Sannan ta ba ni ruwa. Na tambaye ta me ya sa take ɗora wa dutse laifi, ta ce don shi ba ya fushi ya bar aiki. Awa biyu ina rubuta abin da take faɗa.

Malaminmu ya ƙara min mako guda, zan sake aikin daga farko. Har yanzu ban san inda zan sa ta a zanen ba. Na tambaye ta ko za ta dawo, ta ce ƙafa na damunta.

Ki yafe min, Inna.
Auta

*

Auta, na yafe.

Ƙafar nan tun kina firamare take ciwo, ba ta taɓa hana ta zuwa ba. Na cire takardar, tana cikin durowa in kina so. Ɗazu ni ma na gwada, na ce dutse ya ƙi wucewa, yaran nan suka fashe da dariya, wai ba haka take faɗa ba.

Tsaya, ana buga ƙofa. Gwaggonki dai ba ta bugawa, turowa take. Amma tarin nan da na ji kamar nata ne…