Ƙofar Ɗakin Inna

Zuwa ga Yayata,

Gaisuwa mai tarin yawa, tare da fatan kina lafiya, ke da maigida da yara. Allah Ya ƙara lafiya da rufin asiri. Mu ma lafiya lau, uwar yara ta samu sauƙin ƙafar, aikin walda kuma sai godiya.

Yaya, maganar Inna ce. Ran Laraba bayan azahar hadari ya haɗo baƙi ƙirin, ga zufa, amma ko ganye ba ya motsi. Kin san mu, iska muke tsoro saboda kwanon rufi, sai kowa ya yi hamdala. Ashe iskar ce ke kora hadari gaba. Da babu ita, sai ya kafe a kan unguwar yana ta juye ruwa wuri guda, alhali can bakin kasuwa ko ɗigo ba a yi ba. Kwata ta cika, titi ya koma rafi, ruwa ya kwararo tsakar gidan Inna, ko da na isa ya kai cinyata.

Ƙofar ƙarfen nan da na ƙera mata da hannuna, wadda babu irinta a layin, waje take buɗewa. Ruwa ya danne ta. Ni da tela maƙwabcinta muka yi ta ja har tafin hannuna ya tsage, ko gezau. Ina jin salatin Inna daga ciki, muryar sai raguwa take. Ga wuta an ɗauke, balle in yanka da inji. Da guduma na farfasa bangon da ke riƙe da ƙofar, na tarar da ita tsugune bisa gado, ruwa ya kai katifa. A bayana na fito da ita.

To, ƙasa na shan ruwan Inna ta koma ɗakinta. Na ce ta dawo gidana da ke kan tudu, ta ce a ɗakin nan ta raine mu, ba za ta je ta takura wa suruka ba, in dai mayar mata da ƙofarta kawai. Na ce ba zan mayar ba, ta ce taurin kan Baba na ɗauko.

Kin san ni, tun da na bar makaranta ban taɓa roƙon kowa komai ba. Yau ina roƙonki. Ki kira ta, maganarki kaɗai take ji.

Ki gaida maigida, da Auta, da takwarana. Ki hanzarta, Yaya, don ina rubutun nan hadari na sake haɗowa, kuma babu iska.

Ni ne ƙaninki,
Mai Walda