Inna, Malama Ta Ce In Fara da Abin da Ya Kawo Ni

Assalamu alaikum wa rahmatullahi.

Zuwa ga mahaifiyata abar ƙaunata, Inna. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina sanar da ke yara duk suna lafiya, damina ta yi kyau, geron hanyar Sandamu har yana ɓoye mai babur. Kin gani ko? Yanzu ma sai da na biyo ta gona kafin in zo kan magana. Halinki ne na ɗauko, kuma shi yake neman kayar da ni a makaranta.

Na koma karatu, Inna, ajin yamma na manyan mata a nan cikin Daura, kamar yadda kika daɗe kina yi mini fata. Malamarmu ta Hausa tana koya mana rubuta sakin layi. Ta ce jimlar farko ita za ta faɗi kan magana ƙarara, waɗanda ke bin ta su kawo dalili da misali, ta ƙarshe kuma ta ɗaure zancen. Magana ɗaya tak a kowane sakin layi. Na ji, na gane, har nakan yi wa wadda muke zama benci ɗaya bayani. Amma da na ɗauki biro sai tarbiyyarki ta riƙe mini hannu.

Kin tuna ranar da muka je gidan Gwaggo aron tukunyar taro? Kika gaishe ta, kika tambayi ciwon ƙafarta, kika tambayi akuyarta da ta haihu. Aka dama fura muka sha, inuwa ta tashi daga wannan bango ta koma wancan. Sai da kika zura takalmi a bakin zaure sannan kika waiwaya kika ambaci tukunyar, kamar a lokacin ta faɗo miki a rai. A hanya kika ce da ni, "Ladi, ba a shiga wa mutum gida da buƙata a baki."

To, haka nake rubutu. In gaida mai karatu, in shimfiɗa masa tabarma, in kawo masa ruwa, sai a layin ƙarshe in faɗi abin da ya kawo ni. Duk aikin da na kai, ya dawo ya sha jan biro. Malama ta ce wanda ta ba mu yanzu shi ne na ƙarshe. In na sake yin zagaye, sai in maimaita aji, ƙawayena su wuce su bar ni. Abin da ta ce mu yi rubutu a kai kuwa shi ne babban abin da ya same mu a bana.

Bayan azahar na zauna a gindin bishiyar bedi, takarda a cinya. Hadari yana haɗuwa ta gabas, iska tana kawo ƙanshin ƙasa. Gyangyaɗi ya ɗan ɗauke ni, sai na hango ki kina tafe daga wajen rijiyar Kusugu da shuɗin mayafinki, ba kya sauri, kina tsayawa kina gaisawa da kowa. Ina ta jira ki iso, masu gaisuwa ba su ƙare ba. Na farka da murmushi, takardata fara fat yadda na bar ta.

Tun ranar da aka fita da ke daga gida ban taɓa furta maganar da bakina ba. In an tambaye ni sai in ce ba kya nan, ko in ce Allah ya yi ikonsa, ko in kama zancen ruwan sama. Amma ƙa'idar Malama ba ta bar mini wurin laɓewa ba. Na gyara zama na rubuta: "Mahaifiyata ta rasu a farkon bana."

Na daɗe ina kallon jimlar nan, Inna, har sai da na daina ganin haruffan. Daga nan sauran suka biyo da kansu, a jere, babu wadda ta kauce.

Gobe zan kai wa Malama, kuma ina jin wannan karon zan wuce. Sai dai tun da na rubuta na daina sauraron sallamarki a ƙofar gida, kuma wallahi wannan ya fi maimaita aji ciwo.

Allah ya jiƙan ki, ya haskaka makwancinki, ya sa Aljanna ce makomarki. Ya haɗa fuskokinmu a inda babu rabuwa. Amin.

Ɗiyarki mai kewarki,
Ladi